Ina waƙa a majami'a amma zuciyata shiru: munafunci nake yi?

Rahila: Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekara 11 ke nan ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Da can in muka fara yabo tsigar jikina tashi take yi, wani lokaci har da hawaye. Yanzu kusan wata 8 ke nan ba na jin komai. Baki yana motsi, murya tana fita daidai, har wasu su tare ni bayan sujada su ce waƙar ta taɓa su, ni kuwa cikina kamar rijiyar da ta ƙafe. Lahadin da ta wuce aka karanta Markus 7:6, inda Yesu ya ce mutanen nan da baki suke girmama ni, amma zuciyarsu tana nesa da ni. Sai na ji kamar da ni ake. Don Allah ku taimake ni. Mece ce bauta wa Allah da dukan zuciya? In ba na jin komai kuma na ci gaba da waƙa, munafunci ne? Ko in ajiye rigar mawaƙa sai ranar da abin ya dawo?

Iliya: Yaya Rahila, gaskiya ɗaci gare ta amma zan faɗa. Wutarki ce ta mutu. Wahayin Yahaya 3:16 bai ɓoye komai ba, wanda ba zafi ba sanyi tofar da shi za a yi. Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari da dukan ƙarfinsa har matarsa Mikal ta raina shi. Wannan ita ce sujada da zuciya ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ki shiga azumi da addu'a, wutar za ta dawo.

Mama Saratu: Ɗana Iliya, bi a hankali. Mutum ya zo da ciwo ba a fara masa da bulala. Ka tuna Hannatu a Shilo? Tana addu'a leɓunanta suna motsi, ba a jin muryarta, har Eli firist ya ɗauka buguwa ta yi. Shi ma fuska ya tambaya, ya kuma yi kuskure. Ba rawa, ba tsalle, amma addu'ar ce ta haifi Sama'ila.

Iliya: Mama, ai Hannatu kuka take yi. Tana jin abu a ranta. Yaya Rahila cewa ta yi ba ta jin komai.

Mama Saratu: Wanda ba ya jin komai ba ya zama ya rubuta abin da ta rubuta. Karanta kuma.

Baba Ishaku: 'Yata Rahila, sannu. Kafin a ba ki magani bari mu tabbata mun san ciwon. Mu yanzu in an ce zuciya, abin da ke zuwa mana shi ne shauƙi, motsin rai, hawaye. A Littafi Mai Tsarki zuciya ta fi haka faɗi. Da ita ake tunani, da ita ake yanke shawara, da ita ake zaɓen wanda za a bi. Shi ya sa ake cewa wane ya faɗa a zuciyarsa, ko ya ƙudura a zuciyarsa. To in haka ne, kishiyar dukan zuciya ba busasshiyar zuciya ba ce, rababbiyar zuciya ce.

Akwai wani sarkin Yahuza da ba a cika wa'azi a kansa ba, Amaziya. Ya hau sarauta yana da shekara 25, ya yi shekara 29 yana mulki a Urushalima. 2 Tarihi 25:2 ta ce ya aikata abin da yake daidai a gaban Ubangiji, amma ba da zuciya ɗaya ba. Ki duba yadda abin ya fito fili. Ya yi hayar sojoji 100,000 daga Isra'ila a kan talanti 100 na azurfa. Wani annabi ya zo ya ce masa ya sallame su, Allah ba ya tare da su. Me ya fara fitowa daga bakinsa? "To kuɗin da na biya fa?" Ya dai yi biyayya, ya sallame su, ya je ya ci Edom da yaƙi. Da zai dawo sai ya kwaso gumakan mutanen da ya ci, ya kafa su yana rusuna musu. Gumakan da ba su iya ceton masu su ba! Ba a gaya mana ko Amaziya yana kuka a Haikali ko ba ya yi ba. Watakila ma ya fi kowa ɗaga murya. Matsalarsa ita ce akwai wani ɗaki a zuciyarsa da ya kulle ya riƙe makullin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sai ki sa shi gefe da Kalibu. Yana da shekara 40 aka aike shi leƙen asirin ƙasa, shi da Joshuwa kaɗai suka ce a shiga. Sai da ya kai 85 kafin ya karɓi Hebron. Shekara 45, yawancinsu yawo a jeji saboda rashin bangaskiyar wasu, yana ganin sa'o'insa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kina tsammani kowace safiya tsigar jikinsa tashi take? Amma shaidar da aka ba shi ita ce ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya.

Ladi: Kai Baba, wannan tambaya ta Amaziya ta same ni. "Kuɗina fa?" Ni ce wannan sak.

Yohanna: Ni abin da ke damuna da irin wannan hira shi ne kullum a cikin majami'a take farawa, a ciki take ƙarewa. Waƙa, hawaye, ɗaga hannu. Ku karanta Amos 5 daga aya 21. Allah da kansa ya ce ya ƙi bukukuwansu, su ɗauke masa hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari molayensu ba. Ba don muryarsu ba ta da daɗi ba, ba kuma don ba sa jin shauƙi ba. Don suna tattake matalauta ne, suna karɓar rashawa. Na taɓa yi wa wani aiki, mutum ne da in ana yabo har ƙasa yake durƙusawa yana kuka, amma albashin ma'aikatansa sai ya riƙe wata da watanni. Hawayensa na gaske ne, na gani da idona. To me suka amfana wa wanda 'ya'yansa suka kwana da yunwa? Yakubu 1:27 ta gama magana: kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, da tsare kai daga ƙazantar duniya. Rahila, in kina riƙe amana, kina taimakon na kusa da ke, ki daina damun kanki da maganar ji ko rashin ji.

Tabita: Yaya Yohanna, na yarda da rabin maganarka, rabin kuwa ina da ja. In aiki kaɗai ne, me ya sa aka tsauta wa ikkilisiyar Afisa? A Wahayi sura 2 an yaba musu aikinsu, da wahalarsu, da jimrewarsu, har da yadda suka gwada manzannin ƙarya suka gano su. Duk da haka aka ce ina da magana da ku, kun bar ƙaunarku ta fari. Bulus ma ya ce ko na rabar da dukan abin da na mallaka, in ba ni da ƙauna ban amfana da komai ba. Miji zai iya biyan kowace bukata ta gida, bai taɓa fashi ba, amma matarsa ta san zuciyarsa ba ta wurinta. Ba za ka ce mata ta daina damuwa tunda ana cefane ba.

Yohanna: Ban ce ƙauna ba ta da muhimmanci ba. Cewa na yi ba a auna ta da hawaye.

Tabita: To da me ake auna ta? Don in ka ce da aiki, Farisiyawa sun fi mu duka. Har zakkar ƙananan ganyayen lambu suke fitarwa.

Malam Bitrus: Bari in ɗan shigo da abin da na karanta, ko zai rage tazarar da ke tsakaninku. Umarnin da ake ta zagayawa a kai yana Maimaitawar Shari'a 6:5, ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka, da dukan ranka, da dukan ƙarfinka. Abu 3 ke nan. A Markus 12:30 da Yesu ya maimaita shi an sami 4, hankali ya shigo. Ba wani sabon abu aka ƙara ba, abin da Baba ya faɗa ne, kalmar zuciya a Ibrananci ta riga ta ƙunshi tunani. Amma ku lura da ayar da ta zo kafin umarnin: Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne. Saboda Shi ɗaya ne ake neman zuciya ɗaya. Mai alloli da yawa dole ya rarraba kansa, wannan na ruwan sama, wancan na yaƙi, wancan na haihuwa. Mai Allah ɗaya ba shi da wanda zai ajiye wa saura.

Abu na biyu, a Ibrananci kalmar da ake amfani da ita don bautar Allah ita ce kuma ake amfani da ita don aiki, irin na gona ko na bawa. A Fitowa, da ita aka kira bautar da Isra'ilawa suka yi wa Fir'auna, da ita kuma Allah ya ce ka saki mutanena su bauta mini. Hausa ma ta taimake mu a nan, bawa, bauta, tushe ɗaya. Don haka rabuwar da Yohanna da Tabita suke yi tsakanin aiki da ƙauna, marubutan ba su san ta ba. Bulus a Romawa 12:1 jiki ya ce a miƙa hadaya rayayyiya, ya kira wannan ibada. A Kolosiyawa 3:23 kuwa, inda ya ce duk abin da kuke yi ku yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, da bayi yake magana, mutanen da ba su zaɓi aikinsu ba kuma ba lallai suna jin daɗinsa ba.

Iliya, kai kuma maganar Lawudikiya, ikkilisiyar da aka yi wa maganar Wahayin Yahaya 3:16 da ka ɗauko. Ka karanta aya 17. Ba a ce laifinsu rashin shauƙi ba ne. Cewa suke mu masu arziki ne, ba ma bukatar komai. Birni ne mai dukiya, har girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu suka sake gina shi da kuɗinsu ba tare da taimakon Roma ba. Masana da yawa kuma suna ganin hoton ruwan daga maƙwabtansu aka ɗauko shi, Hiyarafolis mai maɓuɓɓugan ruwan zafi da Kolosi mai ruwan sanyi, kowanne da amfaninsa. Wadda ta zo tana cewa na ƙafe, ku taimake ni, ba ta cikin masu cewa ba ma bukatar komai.

Iliya: Malam, na ji, na kuma karɓi gyara a kan Lawudikiya. Amma ina jin tsoron wani abu. Irin wannan bayani shi ne mutane suke fakewa da shi su yi shekara 30 suna zuwa sujada kamar masu zuwa biyan haraji, in ka yi magana su ce ai bangaskiya ba ji ba ce. Zabura cike take da murna, da sowa, da marmari. Kamar yadda barewa take marmarin ruwa. Wannan ba shawara ba ce kawai da aka yanke a ka.

Baba Ishaku: Ɗana, tsoronka yana kan hanya, kada ka yar da shi. Amma ka ci gaba da karanta wannan Zabura ta 42 da ka ɗauko. Barewa tana marmarin ruwa ne don ba ta da shi. Mai waƙar yana tuna kwanakin da yakan ja gaban taro zuwa ɗakin Allah da sowa, yanzu kuwa yana tambayar ransa don me ya karai. Kusan labarin Rahila ne kalma da kalma. Ƙishin ma sujada ne.

Ladi: Ni ina da tambayar da ta daɗe tana cina. 1 Sarakuna 11:4 ta ce da Sulemanu ya tsufa zuciyarsa ba ta kasance ɗaya ga Ubangiji kamar ta ubansa Dawuda ba. Dawuda fa! Wanda ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin a bakin daga. Sulemanu shi ya gina Haikali. Ta yaya mai kisa ya zama ma'aunin zuciya ɗaya, mai gina Haikali ya faɗi?

Fasto Haruna: Ladi, kin taɓo inda maganar take. Ina ta bin hirar tun ɗazu, ban so in shigo da wuri ba don kada a ce Fasto ya yi magana kowa ya yi shiru.

Zunubin Dawuda ba ƙarami ba ne, Littafi bai rufa masa asiri ba, gidansa kuma ya sha azabar abin har ƙarshen ransa. Amma da annabi Natan ya ce masa kai ne mutumin, bai kawo hujja ba, bai nemi wani allahn da zai fi sauƙin sha'ani ba. Ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. Da ƙazantarsa ya koma wurin Wanda ya saɓa wa. Sulemanu kuwa bai rushe Haikali ba, bai daina miƙa hadaya ba. Ƙari kawai ya yi. Ya gina wa Kemosh da Molek wuraren tsafi a kan dutsen da ke gabas da Urushalima, suna kallon Haikalin da ya gina. Bai bar Allah ba, kishiyoyi ya yi masa. Martin Luther ya rubuta a 1529 cewa duk abin da zuciyarka ta rataya a kai ta dogara gare shi, shi ne allahnka. Da wannan ma'auni yawancinmu ba masu barin Allah ba ne, masu ƙari ne.

Ku duba Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5. Mutane suna ɗauka an hukunta su don ba su ba da duka ba. Bitrus ya faɗa a fili, kafin ka sayar ba naka ba ne? Bayan ka sayar kuɗin ba a hannunka suke ba? Da sun kawo rabi sun ce rabi ne, da ba abin da ya faru. Sun kawo wani kashi suka ce duka ne. Wannan shi ne munafunci, Rahila. Uban yaron nan mai farfaɗiya a Markus 9 da ya ce na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, rabi ya kawo ya kuma ce rabi ne, Yesu ya karɓa ya warkar masa da ɗansa.

Tunda ke mawaƙiya ce, ki karanta Zabura 88. Daga farko har ƙarshe kuka ne, ba ta juya zuwa yabo kamar sauran ba, da duhu ta rufe. Kanta kuma ya nuna an miƙa ta ga shugaban mawaƙa, wato an sa ta cikin waƙoƙin da jama'a za su rera. Sai Zabura 86:11, inda Dawuda yake roƙo a haɗa masa zuciyarsa ta zama ɗaya. Wanda aka yi ma'auni da shi ma roƙon abin yake yi, bai ce yana da shi ba.

Tabita: Uwa Teresa ta Kalkata ma haka. Ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai duniya ta ga ta yi kusan shekara 50 tana jin kamar Allah ya yi nesa da ita, alhali kullum tana addu'a tana ɗaukar marasa lafiya daga titi. Wasu sun ce wannan ya nuna yaudara ce. Ni ƙarfafa ni ya yi.

Yohanna: Ga shi kin dawo maganata, aiki ne ya riƙe ta.

Tabita: A'a Yaya, ba za ka ci ni da wannan ba. Ai da ba ta ƙaunarsa da nisan bai dame ta ba.

Mama Saratu: Ku biyun nan ku bar mana haka, mai tambaya ta yi shiru tun ɗazu. Rahila 'yata, kina nan?

Rahila: Ina nan Mama, karatu nake ina sake karantawa. Na gode muku duka, har da Iliya, ban ji haushi ba. Maganar Baba ta ɗakin da aka kulle ce ta hana ni sakat. Akwai abin da ban faɗa ba. Wata 'yar'uwa a cikin mawaƙa ta yi magana a kaina, maganar ta dawo kunnena, tun daga nan ban sake ce mata uffan ba. A layi ɗaya muke tsayawa, mutum biyu ne tsakaninmu. Da na lissafa yanzu, kusan lokacin ne abin nan ya fara. Ban taɓa haɗa su ba, ko kuma ban so in haɗa su ba.

Iliya: To ai ga shi nan! Matiyu 5:23-24, ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

Malam Bitrus: Ayar tana magana ne a kan wanda ɗan'uwansa yake da ƙara a kansa, a nan kuwa Rahila aka yi wa laifi. Tata ita ce Matiyu 18:15, in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu kaɗai. Ko ta wace aka bi dai, ita ce mai tafiyar.

Mama Saratu: Ki je ki same ta, wannan ba ja. Amma ina so in ja kunnen masu karatu, don na san akwai waɗanda suke cikin irin wannan hali suna bin mu shiru. Ba kowace ƙafewa ce take da zunubi a ƙarƙashinta ba. Abokan Ayuba haka suka nace sai ya tono laifin da bai yi ba, a ƙarshe su Allah ya tsauta wa. Wani gajiya ce, wani baƙin ciki ne na rashi, wani ciwo ne da yake bukatar likita. Annabi Iliya da kansa, bayan wutar Dutsen Karmel, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara yi masa shi ne ya ba shi abin ci da ruwa, ya bar shi ya yi barci. Lokacin da maigidana ya rasu na yi fiye da shekara ina zama a sujada kamar dutse. Ba wanda nake gaba da shi. Zuwa kawai nake yi in zauna, wasu suna rerawa a madadina.

Fasto Haruna: Mama ta faɗi abin da ya kamata in faɗa na manta. Rahila, ƙari ɗaya. Kada ki je wurinta da niyyar sayen hawayenki su dawo. Mai yiwuwa ku shirya, Lahadi ta zo ki tsaya ki ji shiru kamar da. Ki je don an ce ki je.

Rahila: Na ji, Fasto. Rigar fa? In ci gaba da tsayawa kafin in same ta, ko in zauna cikin jama'a wannan makon?

Baba Ishaku: Yaushe kuke koyon waƙa?

Rahila: Ranar Alhamis da yamma, Baba.

Baba Ishaku: To Alhamis tana zuwa kafin Lahadi. Ki riga kowa zuwa.

Rahila: Ita kullum a makare take zuwa. Sai dai in jira ta bayan an tashi. Ku sa ni a addu'a, don ban san da wace kalma zan fara ba.